Dukan Mata: Gado Ne Ko Jahilci?

Ranar da za a kai yayata ɗakin miji, na laɓe ina jin gwaggonninmu suna yi mata gargaɗi: in ya ce yi, ta yi, in ya ce bari, ta bari. Shekara ba ta zagayo ba ta yi yaji da kumburarren ido. Baffanmu ya ce ai tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa, aka mayar da ita a daren. Tun ran nan nake tambayar kaina, shin wannan hali gado ne? Abin da ya sa na waiwayi tarihi ke nan.

Da farko dai, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a littafinsa Nurul Albabi, ya zargi malaman da ke karantar da almajirai alhali sun bar matansu da 'ya'yansu cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u (1793-1864) ta kafa 'Yan Taru, watau matan ƙauyuka masu neman ilmi. Takan naɗa wa shugabarsu, jaji, malfa, ta koma ta karantar da sauran ta hanyar waƙoƙi. Ashe ilmantar da mata ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa.

To, amma dokar Penal Code ta Jihar Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, a sashe na 55 ta ƙyale miji ya hori matarsa inda al'adarsu ta yarda, muddin bai yi mata mummunan rauni ba. Sai a 2015 gwamnatin tarayya ta kafa dokar hana cin zarafi, daga baya jihohi da yawa suka karɓe ta.

Zukata ma suna canjawa. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa ya nuna a 2013 mata 35 cikin 100 suna ganin akwai dalilin da miji zai doki matarsa. A 2018 suka ragu zuwa 28. Masu zurfin ilmi kuwa su ne suka fi ƙin yarda.

A nawa ganin, mai karatu, macen da ta san haƙƙinta a addini da doka, take kuma da sana'a a hannu, da wuya ta ɗauki duka a matsayin tarbiyya. Haƙuri abu ne mai kyau, amma a riƙa yi wa ango gargaɗin shi ma. Allah Ya sa mu gane, amin.