Hawayen Annabi Yaƙubu da Ma'anar Haƙuri

A zaman makoki a ƙasar Hausa, da zarar wanda aka yi wa rasuwa ya fashe da kuka sai a rufe shi da "a yi haƙuri", kamar hawaye raunin imani ne. A ganina mun cakuɗa haƙurin da addini ya yi umarni da shi da dauriya da kunyar al'ada, irin kunyar da ke hana uwa kiran sunan ɗan fari, balle ta yi kukan rashinsa a bainar jama'a.

Suratu Yusuf ba ta goyi bayan wannan fahimta ba. Sau biyu Annabi Yaƙubu (AS) ya ɗauki alwashin kyakkyawan haƙuri, a aya ta 18 da ta 83, amma a aya ta 84 idanunsa suka yi fari saboda baƙin ciki. Da 'ya'yansa suka yi masa ƙorafin yawan ambaton ɗansa Yusufu da ya ɓata, ya nuna musu cewa ga Allah kaɗai yake kai kukansa. Irin wannan ne hujjar Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, a littafinsa Uddatus Sabirina: kai kuka ga Allah bai rushe haƙuri, abin da ke rushe shi shi ne kai ƙarar Allah wurin bayinsa. Manzon Allah (SAW) ma ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, har Abdurrahman ɗan Aufu ya yi mamaki.

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne aikin da raɗaɗin ya yi a zuciyar dattijon. Ranar da aka nemi tafiya da Yusufu, tsoron kerkeci ya ambata (aya ta 13). Bayan shekaru, da 'ya'yansa suka nemi tafiya da ƙanen Yusufu, ya tuna musu ha'incinsu, sannan ya damƙa tsaron yaron ga Allah. Da aka tsare ƙanen ma a Masar, uban da aka yi wa rashi sau biyu shi ne ya hana masu laifin yanke ƙauna daga rahamar Ubangiji, ya sake tura su cigiya.

Ba ina cewa kowane ƙunci tarbiyya ce ba. Wani kan kai mutum ga likita, kuma babu aibu a nan. Shi ma Yaƙubu ganinsa bai dawo da kansa ba, sai da aka jefa masa rigar Yusufu a fuska, shi da aka taɓa kawo wa riga da jinin ƙarya.