Daga Gimi Zuwa Wusasa: Tarihin Wani Bege

Tsakanin Tudun Wada da Wusasa ba wata tafiya ba ce, amma da yawa daga cikinmu marubutan wannan yanki ba mu san Wusasa da komai ba face asibiti, da tsohuwar majami'ar nan ta ƙasa da ke kusa da Dutsen Kufena. Alhali kuwa a nan ne wata ƙaramar al'umma ta Hausawa da Fulani Kirista ta sami mazauni bayan mutuwa ta kusa share ta. Tarihinta zai taimaka mana mu fahimci abin da maƙwabtanmu Kirista ke nufi in sun ce tashin matattu, da kuma dalilin da ya sa suka ɗora dukkan addininsu a kansa.

Labarin ya faro ne daga Kano, tun kafin Bature ya tako ƙasar Hausa da sunan mulki. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani malami mai suna Ibrahim, wanda nazarin Alƙur'ani ya kai shi ga fifita Annabi Isa fiye da yadda malaman gari suka yarda. Ya tara almajirai, aka riƙa kiransu Isawa. Da abin ya kai kunnen hukuma aka nemi ya janye, ya ƙi, aka tsire shi a kasuwa wajajen 1867. Mabiyansa suka watse, wasu suka fake a duwatsun Ningi, wasu suka ɓuya a ƙauyukan da ke tsakanin Kano da Zazzau da Bauchi.

A nan sai mun yi hattara. Turawan mishan sun so su nuna Isawa tamkar Kirista ne da ke jiran a zo a sanar da su sunansu. Masana tarihi na baya-bayan nan kuwa sun fi ganinsu a matsayin Musulmi masu jiran ƙarshen zamani, irin jiran Mahadi da saukowar Annabi Isa da ya cika ƙasar nan a ƙarni na 19. Mu dai mun fi karkata ga wannan ra'ayi na biyu. Isan da Isawa ke jira shi ne wanda Musulunci ya sani, wato wanda ba a kashe ba, ba a gicciye ba, Allah Ya ɗauke shi zuwa gare Shi, kuma zai dawo. Babu kabari a cikin wannan labari, balle a yi zancen fita daga cikinsa.

Su kuwa 'yan mishan na C.M.S. sun iso ne a 1900, ƙarƙashin Bishop Tugwell. Sun kai har Kano, Sarki Alu ya sallame su, suka komo Girku, inda ɗaya daga cikinsu, Ryder, ya rasu. Likita Walter Miller, wanda ke cikin ayarin, shi ne ya nace, har ya sami zama cikin birnin Zariya a 1905, zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi, sarkin nan mawaƙi, wanda bai taɓa sakin jiki da zaman mishan a cikin ganuwa ba. Miller ya yi shekaru yana magani yana koyar da yara, amma waɗanda suka bi shi ba su taka kara sun karya ba. Sai a 1913 wasu daga zuriyar Isawa suka zo gare shi, suna neman a karanta musu abin da Linjila ta ce game da Isa.

To, abin da suka ji ya sha bamban da abin da suka gada. A wurin Kirista, Yesu ya mutu haƙiƙatan a kan gicciye, an binne shi, ran kwana na uku kuma ya tashi da jikinsa. Kada mai karatu ya ɗauka wannan wani reshe ne daga rassan addinin. Shi ne gindin. Manzo Bulus, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga mutanen Koranti, sura ta 15, ya kafa hujja cewa in har wannan tashi bai auku ba, to wa'azi da imani duk aikin banza ne, waɗanda suka mutu suna dogara da shi kuma sun yi hasara. Musulmi da Kirista duk sun yi imani da tashin ƙiyama da hisabi. Inda suka rabu shi ne, Kirista na ganin an riga an fara wannan tashi a jikin mutum guda, a cikin tarihi, kamar yadda manomi ke ganin damin farko ya tabbata sauran amfanin gona na tafe. Wannan ne ya sa suka mai da Lahadi ranar ibada, shi ya sa kuma bikin Ista ya girmi Kirsimeti a tarihi da daraja, ko da yake a titunanmu Kirsimeti ta fi shi amo.

Ba a daɗe ba aka jarraba wannan koyarwa. Waɗanda suka karɓe ta daga cikin Isawa suka taru suka kafa ƙauye a Gimi, a ƙasar Zazzau, suka sari daji, suka gina gidaje da makaranta da ɗakin sujada. Mutanen da kakanninsu suka yi kusan shekara 50 suna ɓoye abin da ke zuciyarsu, yau ga su a fili, da gonakinsu, suna ganin wahala ta ƙare. Ashe wurin matattarar ƙudan tsando ne. Ciwon barci ya shiga garin. Mai ciwon kan fara da zazzaɓi da kaluluwa a wuya, daga nan hankali ya soma gushewa, barci ya rinjaye shi da rana tsaka, ya rame har rai ya yi halinsa, kuma a wancan lokaci maganin da ake da shi bai cika warkar da wanda ciwon ya kai wa ƙwaƙwalwa ba. Cikin 'yan shekaru aka binne mutane da yawa, manya da yara, Gimi ta watse, sauran da suka tsira suka nufo Zariya. (Sai a ƙarshen shekarun 1930 gwamnati ta ɗauki matakin gaske a kan wannan ciwo a yankin, da shirin nan na Anchau wanda ya haifar da garin Takalafiya.)

Duk mai hankali zai yi tsammanin ƙarshen zance ke nan. Ga mutane sun bar abin da dangi ke kai, sun bi sabuwar hanya, sai ga annoba. Ba a rasa masu cewa alhaki ne, kuma ba mu zaton akwai wanda zai zarge su da sun koma inda suka fito. Amma wani kaso ya tsaya. A ganinmu ba za a gane wannan tsayuwa ba sai an koma ga abin da aka karanta musu tun farko. Ba a yi musu alkawarin cewa mutuwa za ta tsallake gidajensu ba, tunda shi kansa wanda suke bi bai tsallake ta ba. Abin da aka ce musu shi ne kabari ba shi ne magana ta ƙarshe ba. Imani irin wannan annoba na iya girgiza shi, amma ba ta ƙaryata shi.

A 1929 mishan ta fita daga birni ta koma Wusasa, aka gina majami'ar St. Bartholomew da tubalin ƙasa, da bakan gizo irin na magina Hausawa. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Miller ya ja gaba tare da mataimaka Hausawa da wasu 'yan mishan. A nan akwai abin lura ga mu masu sana'ar kalma. Da masu fassara suka zo kan kalmar da ke nufin sa rai ga alkawarin Allah, ba su tsaya ga "fata" ba, domin fata na iya cika, na iya faɗuwa. Sun ɗauki "bege". Bahaushe kuwa ya san bege a bakin sha'irai masu ƙaunar Manzon Allah, da kuma a zuciyar wanda ke kewar masoyin da ya yi nisa. Wato bege ba ya shakkar samuwar wanda ake begen, rashin ganinsa ne kawai ke damunsa. Har gobe Kirista Bahaushe in zai yi ta'aziyya da wannan kalma yake yi, kuma maƙwabcinsa Musulmi na jin ta, ko da yake kowannensu da inda ya dosa.

Daga wannan 'yar al'umma da makarantarta aka sami mutanen da ƙasa ta san da su. Akwai Dokta R. A. B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, wanda ke cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Akwai Farfesa Ishaya Audu, wanda aka haifa a Anchau a 1927, jinin Isawa ne, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya riƙe ma'aikatar harkokin waje a jamhuriya ta biyu. Janar Yakubu Gowon ma a Wusasa ya tashi, inda mahaifinsa ke aikin bishara. Mu kuma namu shi ne John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, littafin da ke cikin biyar ɗin farko na ƙagaggun labaran Hausa, wanda da yawanmu muka karanta a makaranta ba tare da mun tambayi daga wane gida marubucinsa ya fito ba.

Jarrabawa ba ta ƙare a Gimi ba. A watan Maris na 1987, rikicin da ya tashi a Kafanchan ya watsu har Zariya, aka ƙona majami'u da dama, abin da ya bar tabo a zumuncin da aka daɗe ana ginawa tsakanin gidajen da kakansu ɗaya. An sake gina su. A 1997 Wusasa ta zama dayosis mai cin gashin kanta a cikin ɗarikar Angilikan, kuma har yanzu da Hausa ake sujada a can ranar Ista.