Ƙofar da Aka Bari a Buɗe: Wani Babi a Tarihin Suwicin Sadarwa

A shekarar 1990 wani ƙaramin kamfanin Amurka mai suna Kalpana ya fito da EtherSwitch, akwati mai kafofi bakwai na soka waya. A wancan zamani kwamfutocin ofis kan yi tarayya a waya guda: ɗaya na magana, sauran na jira, in kuwa biyu suka fara tare sai saƙonninsu su yi karo. Shi suwici yakan haddace adireshin na'urar da ke bayan kowace kafa, ya miƙa saƙo ga mai shi kaɗai. Kamfanin Cisco ya saye Kalpana a 1994.

Sai dai akwatin ba ƙarfe ne zalla ba. A cikinsa akwai manhaja da ke kwance a ma'adanarsa, ita ke farka da shi, ita ke gaya masa yadda zai yi da kowane saƙo. Ƙarfen kan yi shekara goma yana aiki ba gardama, wannan juriya kuwa ita ke sa a manta da manhajar.

Cisco ya sanya wa suwicinsa wata dabara mai suna Smart Install, domin sabon akwati ya karɓi manhaja da saitinsa daga nesa, ba sai injiniya ya taka ba. Dabarar tana sauraro a ƙofa mai lamba 4786, ba ta kuma tambayar kalmar sirri. Sauƙi ne ga mai girka akwati ɗari, amma barin ta a kunne bayan an gama aiki sakaci ne. Tun Fabrairun 2017 kamfanin ya yi gargaɗi, a ƙarshen Maris 2018 kuma ya fitar da gyaran wata ɓaraka da aka gano a cikinta.

Ranar 6 ga Afrilu 2018 wasu masu kutse suka bi ta ƙofar, suka goge saitin na'urori, suka bar zanen tutar Amurka a madadinsa. Hukumomin Iran sun ce abin ya shafi na'urori wajen 200,000 a duniya, 3,500 daga ciki a ƙasarsu. Abin takaici, umarni mai kalma biyu ya isa ya kashe dabarar.

A Agustan 2025 hukumar FBI ta sanar cewa masu kutse da ke da alaƙa da hukumar tsaron Rasha ta FSB na ci gaba da shiga ta wannan ɓaraka, a tsofaffin na'urorin da ba a sabunta manhajarsu ba shekara bakwai bayan fitowar gyaran.