Daga Ponti Zuwa Maraɗi: Yadda Bursi Ya Zama Rariya

A Birnin Lalle, kamar sauran garuruwan ƙasar Dakoro, in yaro ya ci bak, jarrabawar kammala lise, tambayar da ke biyo bayan barka ita ce: "To, ya samu bursi?" Sau da yawa amsar ce ke yanke ko zai hau mota zuwa Maraɗi ko Yamai, ko kuwa zai zauna gida. Wannan kuɗi da gwamnati ke bai wa ɗalibi ya girmi jamhuriyar kanta, kuma ma'anarsa ta sauya fiye da sau ɗaya.

Farkonsa ba tausayin talaka ba ne. Nasara yana buƙatar malaman makaranta, da tafintoci, da akawu, da ma'aikatan asibiti, ga shi iyaye ba sa son lakwal. Sai ya ɗora wa sarakuna kawo yara, sarakuna da yawa kuma suka ɓoye nasu, suka miƙa ƴaƴan barori da na talakawa. Yaron da aka ɗauke da ƙarfi ba a ce wa ubansa ya biya. Gwamnatin mulkin mallaka ce ke ciyar da shi, ta tufatar da shi, ta ba shi wurin kwana, in ya yi ƙwazo ta tura shi makarantar William Ponti a Senegal. Ta nan Bubu Hama ya bi, da Diori Hamani, da Jibo Bakari, da Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, wanda ya zarce Faransa ya karanci kimiyya.

Yankin Birnin Lalle ya shiga wannan layi a makare. Garin tsohon mazaunin sarautar Gobir ne tun kafin Alƙalawa, amma a idon Faransa daji ne na makiyaya da sababbin gonaki a gefen kwarin Tarka. Sai a 1947 aka kafa bariki a Dakoro. Ko a ƙasar baki ɗaya, lokacin da aka samu ƴancin kai a 1960, yaran da ke makaranta ba su kai kashi 5 cikin 100 ba.

Saboda wannan ƙaranci, sabuwar gwamnati ta gaji tsarin yadda ta same shi. Masu bak ƴan tsiraru ne, ofisoshi kuma babu masu zama, don haka kusan duk wanda ya haye yana da bursi, gwamnati ta zaɓa masa abin da zai karanta, ta tura shi Dakar ko Abijan ko Faransa, ya dawo aiki na jiransa. Ko ƴan kwaleji da lise da suka baro ƙauye suna da gidan kwana ko ɗan kuɗin wata. A 1971 aka buɗe cibiyar karatu mai zurfi a Yamai, ta zama jami'a a 1973. Kuɗin yuraniyom na Arlit ya riƙe wannan nauyi a shekarun farko na Janar Seyni Kunce. Ɗalibin wancan zamani ƙaramin ma'aikaci ne: daga bursinsa ake aika wa tsohuwa kuɗin goro, a sayi buhun hatsi a shekarar fari. Abin ya zauna a zukatan mutane a matsayin haƙƙi, ƙungiyar ɗalibai ta USN, wadda aka kafa a 1960, ta riƙe shi a haka har yau.

Farashin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, fari ya biyo a 1984, bashi ya taru. Bankin Duniya da asusun IMF suka zo da sharuɗɗansu, hujjarsu kuwa ita ce ƙasar da yawancin yaranta ba su ga allon firamare ba, bai kamata ta zuba kaso mai tsoka a kan ƴan jami'a ƙalilan ba. Hujjar ba ta banza ba ce, musamman ga mai kallo daga ƙauyen da babu aji ko ɗaya. Sai dai wanda za a yanke wa shi ne ɗan manomin da ya riga ya tsallake duk shingaye. Ranar 9 ga Fabrairu 1990, zamanin Janar Ali Shaibu, ɗalibai suka taso daga jami'ar Yamai za su shiga gari, jami'an tsaro suka tare su a gadar Kennedy, aka buɗe wuta, uku suka mutu bisa ƙidayar hukuma. Wannan rana na cikin abubuwan da suka kai ƙasar ga babban taron ƙasa na 1991. Bursi dai bai koma yadda yake ba. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, bashin watanni ya zama ruwan dare, aka yi shekarun da karatu ya rushe gaba ɗaya, ɗaukar aiki kai tsaye kuma ya wuce.

Daga nan ne ƙa'idojin yanzu suka fito. Hukumar ANAB ce ke kula da bursi da sauran alawus, abin da ta fi dubawa kuwa shi ne makin da ɗalibi ya samu a bak da kuma shekarunsa, bayan takardar zama ɗan ƙasa da shaidar ya yi rajista. Ana biya wata uku-uku. Kowace shekara sai an sabunta, wanda ya yi ta maimaita aji ya rasa. Wanda bai cika sharuɗɗa ba yana iya neman tallafin jin ƙai, wanda bai kai bursi ba. Abinci mai rahusa da ɗaki da mota kuma suna hannun wata hukuma daban ta jin daɗin ɗalibai.

A takarda, maki da shekaru ba sa nuna bambanci. A ƙasa labarin daban ne. Yaron rugga ko na ƙauye ba kasafai yake shiga aji da shekara shida ko bakwai ba. Yajin aikin malaman kwantaragi ya ci masa watanni, shuka da girbi su ci wasu. In ya wuce firamare, sau da yawa sai a gidan mai masauki a wani gari, inda zai ɗebo ruwa kafin ya buɗe littafi. Kafin ya kai bak ya tsufa a ma'aunin hukuma. Takardar haihuwa ma wata ƙaya ce: da yawa ba a rubuta su ranar suna ba, sai daga baya kotu ta yanke musu shekaru da kintace, kuma kowa ya san yadda wasu iyaye ke rage wa yaro shekara ɗaya ko biyu tun da wuri don gudun wannan rana. Ƴan mata kuwa mafi yawansu ba sa ma isa bakin rariyar. A Amurka, tallafin Pell da aka kafa a 1972, wanda ɗaliban kwalejojin shekara biyu ke dogaro da shi, ƙarfin gidan su ɗalibi yake aunawa da farko. Yin haka a nan yana da wuya, don ba a san yadda za a rubuta dukiyar mai dami ɗari da awaki goma a takarda ba, amma wuya ba ta isa dalilin watsar da tunanin ba.

Abin da ya fi sauƙaƙa wa ɗan Dakoro shi ne matsowar makaranta. A 2006 aka kafa cibiyoyin fasaha na IUT a Maraɗi da Tawa da Damagaram, masu ba da difloma a shekara biyu, ta Maraɗi ta fara da fannin gine-gine da lantarki. A 2010 garuruwan uku suka samu jami'o'i, ta Maraɗi daga baya aka sa mata sunan Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, ɗan garin da ya riƙe ministan ilimi zamanin Shugaba Diori. A 2014 aka ƙara huɗu a Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Wanda ba shi da bursi yanzu yana iya sauka gidan ɗan uwa a Maraɗi, a riƙa aiko masa gero da wake a motar Dakoro. Sai dai yawan ɗalibai ya ninka, baitulmali bai bi sawu ba, jinkirin biya ya ci gaba da fitar da su kan titi. A irin wannan zanga-zanga ce, ranar 10 ga Afrilu 2017, ɗalibi Mala Bagale ya rasa ransa a jami'ar Yamai.