Yadda aka fara rainon fatar mutum a ɗakin gwaji

1/ Jama'a, ku tuna fashewar tankar Majiya a Jigawa, Oktoba 2024. Sama da mutum 150 suka rasu, wasu ba nan take ba, sai bayan kwanaki a gadon asibiti. In fata ta tafi, ruwan jiki tsiyayewa yake, cuta ta samu ƙofa.

2/ Maganin da aka saba shi ne a yanko fata daga cinya a manna. To wanda wuta ta cinye kusan duka fa, daga ina za a yanko?

3/ A 1975, Howard Green da James Rheinwald na jami'ar MIT a Amurka suka gano yadda ƙwayoyin fatar mutum za su hayayyafa a faranti, bisa shimfiɗar ƙwayoyin ɓera. Eh, ɓera.

4/ A 1983 aka kawo wasu yara biyu 'yan'uwa Boston, ƙunarsu ta haura kashi 95 cikin 100. Aka ɗan tsakuro fata daga hammata aka raina, aka rufe kusan rabin jikinsu da ita. Suka rayu.

5/ Sai dai fatar siririya ce, ba gashi, ba gumi. Ga tsada. Kuma sai an jira kamar mako uku.

6/ Makonnin ukun nan su ne matsalarmu. Wanda ya ƙone a Birnin Gwari, sai an bi hanyar daji da shi zuwa Kaduna ko Shika, alhali awannin farko ne jikinsa ya fi buƙatar ƙarin ruwa.