Koyarwa da tukuici ga yara masu galahanga

Koyarwa da tukuici hanya ce ta ba yaro abin da yake so, kamar yabo, alewa ko abin wasa, da zarar ya yi abin da ake koya masa, domin ya ƙara yi. Ta samo asali daga binciken B. F. Skinner, masanin halayyar ɗan Adam na Amurka. Tukuicin da ya makara ba ya tasiri sosai, kuma ana rage shi sannu a hankali idan yaro ya iya.

A 1987 Ivar Lovaas na Jami'ar Kalifoniya ya ruwaito cewa yara 9 cikin 19 masu galahanga, da aka koyar da su ta wannan hanya awa 40 a mako, sun ci gaba da karatu a aji ɗaya da sauran yara. Sai dai ya haɗa da tsawa da mari, abin da ya jawo masa sukar da ta dace.