Ƙahonin Zinariya: Satar da Ta Haifi Waƙa a Ƙasar Denmak

Duk wanda bai manta darasin karin waƙa da amsa-amo ba zai ji daɗin wannan tarihi.

A shekarar 1639 wata yarinya ta tsinci ƙahon zinariya a ƙauyen Gallehus da ke ƙasar Denmak. A 1734 kuma wani manomi ya tono na biyu kusa da wurin. An ƙera su wajen shekara ta 400 Miladiyya. Aka adana su a taskar sarki a Kofenhagen, har 1802 da wani maƙerin zinariya, Niels Heidenreich, ya sace su ya narkar.

Kafin a kama ɓarawon a 1803, wani saurayi mai suna Adam Oehlenschläger (1779-1850) ya rubuta waƙar Guldhornene, wato Ƙahonin Zinariya. Masana na ɗaukar ta a matsayin mafarin sabon zamani a adabin ƙasar.

To, ina gwanintar take? Mu a Hausa da gaɓa mai nauyi da marar nauyi muke auna kari. Su kuwa gaɓoɓin da ake ƙarfafa murya a kansu suke ƙirgawa. Mawaƙin ya gajarta ɗangwayensa, galibi ƙarfafawa biyu a kowanne, irin na waƙoƙin kakanninsa. Sai dai su mutanen da, maimaita sautin farkon kalma ne adonsu, shi kuwa ya sa amsa-amo a ƙarshen ɗango, sau da yawa biyu-biyu. Ta haka ya haɗa tsohon kari da kunnen zamaninsa.

Ya kuma yi amfani da mutuntarwa, inda ya ba dare da kaburbura murya. Ƙahonin su kansu alama ce ta kyautar da allolin gargajiyarsu suka yi wa mutane. Da jama'a suka kasa ganin komai sai tsadar zinariyar, sai masu kyautar suka karɓe abinsu.

Darasin a fili yake. Wanda bai san darajar gadonsa ba, rasa shi zai yi. Zinariya ta narke, amma waƙar tana nan ana karanta ta bayan shekara fiye da 200.